Wanda Ya Riƙe Numfashi da Wadda Ta Mance Baiti

Ran 13 ga Fabrairun 1960, a wani makeken zaure da ake kira Deutschlandhalle a Berlin ta Yamma, Ella Fitzgerald, mawaƙiyar jaz 'yar Amurka, ta tsaya gaban dubban Jamusawa ta ce musu za ta gwada wata waƙa da ake yayi a lokacin, "Mack the Knife", wadda ba ta taɓa jin mace ta rera ba. Ta ƙara da cewa tana fatan dai za ta tuna baitocin duka. Ba ta tuna ba. Ana tsakiyar tafiya, bayan 'yan baitocin farko, kalmomin suka gudu suka bar ta, su kuwa makaɗa ba su tsaya ba. Abin da ta yi a 'yan mintocin da suka biyo baya shi ya ciyo mata lambar yabo ta Grammy a shekarar da ta biyo.

Shekara talatin bayan nan, ran 7 ga Yulin 1990, jajibirin wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya da aka yi a Italiya, wadda masu son ƙwallo ke tunawa da ita saboda Kamaru da rawar Roger Milla, mawaƙin opera ɗan Italiya Luciano Pavarotti ya tsaya a tsakiyar kufan gidan wankan Caracalla a birnin Rum ya rera "Nessun dorma". Bai mance komai ba, bai ƙirƙiri ko kalma ɗaya ba. Duk abin da ya fito daga bakinsa a rubuce yake tun fiye da shekara sittin kafin ranar, kuma ɗaruruwan maza sun rera shi kafin shi.

To ta yaya za a ce duka biyun gwanaye ne? Na daɗe ina juya wannan tambaya, musamman tun ranar da na kunna wa wani abokina Pavarotti a waya, ya saurara kamar daƙiƙa arba'in, ya miƙo mini abata ya ce, "Malam, wannan ai ihu ne da kuɗi." Na kunna masa Ella, ya ce ita kuma wasa take yi. Ban ga laifinsa ba, don babu wanda ya taɓa gaya masa inda zai ajiye kunnensa. Ni a wurina abin da ake saurare a duka biyun kasada ce: mutum ya ɗora muryarsa a inda za ta iya faɗuwa, a gaban jama'a, ba tare da damar sakewa ba. Inda suka rabu shi ne, a opera kowa ya san inda ramin yake tun kafin a fara, a jaz kuwa ko mai waƙar ba ta sani ba.

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rerawa daga farko har ƙarshe, ayarin makaɗa na zaune a wani rami gaban dandamali. "Nessun dorma" yanki ne na kamar minti uku daga wasan Turandot na Giacomo Puccini, kuma wanda bai san labarin ba ya rasa rabin waƙar. A tsohuwar ƙasar Sin ta tatsuniya, gimbiya Turandot ta kafa sharaɗi: duk mai son aurenta sai ya amsa kacici-kacici uku, in ya kasa a fille masa kai. An fille na mutane da dama. Wani yarima baƙo, Calaf, wanda babu wanda ya san sunansa a garin, ya amsa duka ukun. Gimbiya ta nemi ta tsallake alkawari, shi kuma ya ba ta tasa kacici-kacicin: in ta gano sunansa kafin gari ya waye, ya yarda a kashe shi. Nan take ta sa aka yi shela cewa a daren nan kada kowa ya runtsa a birnin, a nemo sunan, in ba haka ba a bakin ran talakawa. Ma'anar sunan waƙar ke nan, kada kowa ya yi barci. Calaf yana maimaita shelar ne, shi kaɗai a lambun fada cikin dare, yana jiran asuba.

Puccini bai ga wasan a dandamali ba. Ciwon dajin maƙogwaro ya kai shi Brussels neman magani, can ya rasu a Nuwamban 1924 bai kammala ba, Franco Alfano ne ya ƙarasa daga zane-zanen da ya bari. A daren da aka fara nuna wasan a gidan opera na La Scala a Milan, 25 ga Afrilun 1926, jagoran makaɗa Arturo Toscanini ya tsayar da kiɗa daidai inda alƙalamin Puccini ya tsaya, ya juyo ya shaida wa jama'a haka, aka sauke labule. Abin sha'awa, ranar ce Ella Fitzgerald ta cika shekara tara a can Amurka.

Yanzu batun ihun. Mawaƙin opera a gidan opera ba ya riƙe makirufo. Zaure irin La Scala yana ɗaukar mutum wajen 2,000, tsakaninsa da su kuma akwai makaɗa saba'in ko tamanin, masu goge da masu busa da masu ganga, duk suna yi a lokaci guda. Da ƙarfi zalla babu ɗan Adam ɗin da zai rinjaye su, kuma wanda ya gwada zai kashe maƙoshinsa cikin 'yan shekaru. Dabara ce. Ana koya wa mawaƙi ya saukar da maƙogwaronsa ya buɗe hanyar da ke bayan harshe, ta yadda muryarsa za ta tara wani amo mai kaifi a wajen girgiza 2,500 zuwa 3,000 a daƙiƙa. Wani masani ɗan Suwidin, Johan Sundberg, shi ya bayyana wannan a shekarun 1970. Ƙarfin ayarin makaɗa yana can ƙasa da wannan mataki, kunnen mutum kuwa nan ne ya fi ji. Wato mawaƙin ba ya ture makaɗan, wata ƙofa yake bi da suka bari a buɗe. Italiyawa suna kiran wannan amo squillo, kamar ƙarar ƙararrawa, kuma shi ne abin da abokina ya ji ya kira ihu. A lasifikar waya kaifin kawai ke fitowa, kaurin muryar ya ɓace. Don haka a sa abin ji a kunne tukun kafin a yanke hukunci.

Da zarar an sa, ga abin da za a lura da shi. Waƙar ba ta fara da ƙarfi. Calaf yana faɗin shelar sau biyu, na biyun ya sauke shi can ƙasa, kusan gindin abin da muryar irinsa za ta iya kaiwa. Nan ake fara gane mawaƙi. Da yawa suna ajiye duk ƙarfinsu don ƙarshe, sai ka ji wannan wuri ya zama gunaguni, kamar mai magana da bakinsa cike da tuwo. A faifan da Pavarotti ya naɗa a 1972 tare da jagoran makaɗa Zubin Mehta, wanda BBC ta ɗauka ta yi taken shirye-shiryenta na gasar 1990, sautin ƙasan yana da haske iri ɗaya da na sama. Sai kuma numfashi. Jimlolin Puccini dogaye ne, suna hawa a hankali, kuma inda mawaƙi ya zaɓi ya shaƙi iska yana iya gyara ma'ana ko ya karya ta. Duba bidiyonsa ka ga kafaɗunsa: ba sa ɗagawa. Iskar tana shiga ƙasan haƙarƙari, ana sakinta kaɗan-kaɗan kamar mai tsiyayar mai daga kwalba.

Akwai kuma wani wuri a muryar kowane namiji inda muryar ƙirji ke ƙarewa ta kai ke farawa, inda muryar samari ke karyewa lokacin balaga. Mawaƙan opera suna shafe shekaru suna goge wannan gaɓa don kada a ji ɗinki. "Nessun dorma" tana zagaya wannan gaɓa, ta haye ta, ta dawo, ta sake hayewa. Wahalarta ta gaskiya ke nan, ba sautin ƙarshe ba.

Amma sautin ƙarshen shi jama'a suka biya kuɗi su ji. Kalmar ƙarshe, vincerò, wato zan yi nasara, ana faɗinta sau uku, kowane ya fi na baya tashi, na ukun ya kai sautin da masu kiɗa ke kira B na sama. Duk wanda ke zauren ya san yana zuwa. Mawaƙin ya san sun sani. Babu wurin ɓuya, babu 'yan amshi da za su rufe shi, in ta tsage kowa zai ji, kuma masu zama a saman benen La Scala ba su da kara, sun sha yi wa manyan mawaƙa ihun raini. Wannan jiran, na daƙiƙa goma ko sha biyar kafin a isa wurin, shi ne daɗin abin.

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba. A takardar Puccini wannan sauti na B gajere ne ƙwarai, a taɓa shi ne a wuce zuwa na ƙasa da shi, wanda shi aka rubuta da tsawo. Mawaƙa ne suka ga dama suka riƙa tsayawa a kansa suna ja, har ya zama al'ada, har yau in wani ya rera yadda aka rubuta sai a ce ya gaza. Haka kuma a cikin wasan kansa waƙar ba ta da wurin tsayawa, kiɗan yana zarcewa ne kai tsaye zuwa fitowa ta gaba. Wannan rufewa mai ƙarfi da ake ji a wuraren biki ƙari ne da aka yi don a samu wurin tafi. Ashe ko a opera, inda ake cewa komai a rubuce yake, abin da ya fi shahara a waƙar ba marubucin ne ya sa shi ba.

Ina da ƙorafi ɗaya game da yadda duniya ta karɓi waƙar. Ta zama taken nasara, ana sa ta a filin ƙwallo da gasar neman gwanaye ta talabijin. Amma a tsakiyarta akwai muryoyin mata daga bayan dandamali, a hankali, suna cewa ba za a gano sunan ba, su kuma mutuwa za su yi. Calaf ya ji su, ya ci gaba da cika bakinsa. Jim kaɗan bayan nan aka kamo Liù, baiwar da ke kula da tsohon mahaifinsa makaho, aka azabtar da ita don ta faɗi sunan, ta kashe kanta ba ta faɗa ba. Nan ne ma alƙalamin Puccini ya tsaya. Mawaƙin da ya san wannan, za ka ji wani abu kamar taurin kai da zazzaɓi a muryarsa, ba murna zalla ba. Pavarotti, a ganina, ya fi karkata ga murnar. Muryarsa rana ce tsaka, ba ta iya duhu sosai. Franco Corelli, wanda ya yi tashe da fitowa a matsayin Calaf a shekarun 1960, ya fi shi nuna mutumin da ya sa ran gari guda a caca.

Ita ma waƙar da Ella ta mance akwai jini a ƙarƙashinta, kuma daga opera ta fito, a garin da ta je ta rera ta. A 1928 Bertolt Brecht da Kurt Weill suka fito da wasansu Die Dreigroschenoper, wato operar kwabo uku, a Berlin. Waƙar buɗe wasan ta wani maroƙin titi ce da ke lissafa ta'asar wani ɗan daba mai suna Mackie mai wuƙa: gawa a nan, mace da aka soka a can, gobara a wata unguwa. Brecht da Weill duk sun gudu daga Jamus a 1933 da Hitler ya hau mulki. Waƙar ta bi su Amurka, aka mayar da ita Turanci, gwanin jaz Louis Armstrong ya naɗa a 1955, mawaƙi Bobby Darin ya naɗa tasa ta zama ta ɗaya a kasuwa a 1959, lissafin kisan kai ya koma abin rawa. Saboda haka baƙar fata 'yar Amurka ce ta dawo wa Jamusawa da kayansu, cikin wata riga daban, wata goma sha takwas kafin a gina katangar da ta raba birnin.

Tsarin waƙar ya sa mantuwar ta fi haɗari. Karinta gajere ne, ana ta maimaita shi, kuma a kowane zagaye makaɗa suna ɗaga shi rabin mataki, kamar mai hawa tsani. Ba za a iya komawa baya ba. Mutum huɗu ne a bayanta: Paul Smith a piyano, Jim Hall a jita, Wilfred Middlebrooks a babban gogen tsaye da ake tsinka da yatsa, Gus Johnson a ganguna. Da kalmomin suka ƙare, sai ta rera matsalar kanta. Ta tambaya, cikin karin waƙar, mene ne baiti na gaba, ta ce wannan ne wanda ba ta sani ba. Ta ambaci Darin da Armstrong ta ce su sun yi faifai da waƙar, yanzu ga Ella da yaranta suna ta wargaza ta. Ana jin dariya a cikin muryarta. Sannan ta sauke murya ta koma irin ta Armstrong, mai kaushi kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, ta yi zagaye guda da ita.

Abin lura ba barkwancin ba ne, ko da yake yana da daɗi. A saurari ƙafarta, wato yadda take taka kiɗan. Ko sau ɗaya ba ta faɗi daga kansa ba. Kalmomin da take ƙirƙira nan take suna cika ma'aunin baitin, wasu ma har da amsa-amo, kuma duk lokacin da makaɗa suka hau mataki tana can ta riga su isa. Wanda ya saba jin Alhaji Mamman Shata ya san irin wannan aiki, na mawaƙin da ke ɗinka magana a tsaye kalangu na gudu, ya ga wani ya shigo fili ya jefa shi cikin waƙa ba tare da kari ya karye ba. Ba a yin haka da sa'a. Sai kiɗan ya zauna a jiki har ya daina buƙatar tunani, sannan kai ya samu sararin neman kalma.

Ella ta biya kuɗin wannan tun tana yarinya. Marainiya ce da ta yi kwanan titi a Harlem, ta ci gasar sababbin mawaƙa a gidan wasa na Apollo a 1934 tana da shekara sha bakwai, ta shiga ƙungiyar mai ganga Chick Webb, inda take rera wa masu rawa dare bayan dare. Mai rawa ba ya yafe wa wanda ya ɓata masa taku. A shekarun 1940 kuma ta yi yawo da su mai busa Dizzy Gillespie, ta koyi yadda masu busa ke ɗaukar ginshiƙin waƙa su yar da karinta su gina sabo a kai. Daga nan ta ƙware a abin da ake kira scat, rera sautuka marasa ma'ana, murya ta zama kayan busa. Armstrong ne ya yayata salon da wani faifai na 1926, shekarar Turandot, kuma labarin da ake bayarwa shi ne takardar baitocin ce ta faɗi daga hannunsa. Ko gaskiya ne ko ƙari, jaz na son labarin kuskuren da ya zama alheri.

Duk wanda ke zaton abin Berlin katari ne, ya bar faifan ya ci gaba zuwa waƙar da ta biyo, "How High the Moon". Ta rera baitocin sau ɗaya yadda suke, sannan ganga ta ninka gudu, ta shiga kusan minti shida babu kalma sai nan da can. A ciki ta ɗauko karin "Ornithology" na mai busa Charlie Parker, wanda a kan ginshiƙin wannan waƙa aka gina shi, ta riƙa tsinko guntayen wasu waƙoƙi tana jefawa tana wucewa. Ni wannan ya fi burge ni a kan mantuwar, don a nan babu uzuri, ita ta zaɓi ta hau igiyar. Akwai masu sukar ta da cewa komai a bakinta daɗi ne, ba ta da raunin takwararta Billie Holiday, ko waƙar kisan kai murmushi take yi mata. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma irin abin da na faɗa ne game da Pavarotti. Amma wanda ya je wurin Ella neman kuka ya ɓata hanya ne tun daga gida.

Makirufo ma yana cikin labarin. Tun da makirufo ya shigo harkar waƙa a shekarun 1920, mawaƙi ya samu damar yin raɗa a ji shi a ƙarshen zaure. Shi ya sa Ella za ta iya dariya a tsakiyar baiti, ta yi magana, ta saki iska, duk ya zama waƙa. Pavarotti horonsa na zamanin da babu wannan ne, dole kowane sauti ya fito a cike. Wanda ya auna ɗayansu da mudun ɗayan zai ce wannan ihu yake, waccan kuma wasa.

Sau ɗaya hanyoyin biyu suka haɗu a idon duniya. A bikin Grammy na Fabrairun 1998 a New York, Pavarotti ne aka shirya zai rera "Nessun dorma", sai ya aiko cewa maƙogwaronsa ba lafiya, alhali an riga an fara shirin kai tsaye. Masu shirya bikin suka ruga wurin mawaƙiya 'yar Amurka Aretha Franklin, wadda ta rera waƙar kwana biyu kafin nan a wata liyafar karrama shi. Babu lokacin sauya wa makaɗa takarda, don haka a matakin da aka tsara wa muryar namiji ta shiga. 'Yar limamin coci ce daga Detroit, a cocin ta koyi waƙa, kuma haka ta rera ta: ta fara can ƙasa, ta gauraya Italiyanci da Turanci, tana jan gaɓoɓi tana lanƙwasa su yadda babu malamin opera da zai yarda. Masu tsattsauran ra'ayin opera har yau suna cewa ba waƙar Puccini ta rera ba. Da ta iso kalmar ƙarshe ba ta tsaya inda Pavarotti ke tsayawa ba, ta ƙara nata hawan a kai, zauren kuma ya miƙe tsaye.